Likita a Akwatin Talabijin: Kwatanta Taurarin Wasannin Asibiti na Ban Tausayi da na Ban Dariya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wudil ranar Juma'a da wuya ya fita bai ci karo da mai tallar magani ba. Wani ya baza saiwoyi da sassaƙe a kan buhu, wani kuwa ya ɗaura lasifika a kan mota yana jero cututtukan da ƙullin garinsa guda ɗaya yake kashewa. Jama'a kan kewaye shi, wasu don saye, wasu don kallo, saboda bakinsa da zaƙi kuma yana ba da dariya. A cikin garin nan dai akwai babban asibiti, inda likita yake zaune a ofishinsa, ba ya kiran kowa, ba ya kuma ba kowa dariya. Waɗannan mutum biyu su ne suka shiga akwatin talabijin suka zama taurari iri biyu, watau likitan wasan ban tausayi da likitan wasan ban dariya.

Manufar wannan takarda ita ce ta kwatanta waɗannan taurari, ta duba yadda ake gina kowannensu da kuma abin da yake bari a zuciyar mai kallo. Za mu fara da wasannin Amurka, inda wasan asibiti ya zama reshe mai cin gashin kansa, sa'an nan mu dawo gida mu duba yadda wasan Hausa ya ɗauki mai magani. Abin da muke son nunawa shi ne, a wasan Hausa likitan ƙarya ya fi likitan gaskiya cikar halitta, kuma wannan giɓi yana da illa ga yadda jama'a suke kallon asibiti.

2.0 Tauraro da Ma'aunin Kwatanci

Idan muka ce tauraro muna nufin mutumin da marubuci ya ƙirƙira ya ɗora masa nauyin labari. Ɗan wasa kuwa shi ne wanda ya hau wannan matsayi a gaban na'urar ɗaukar hoto. Wasan ban tausayi a nan shi ne wanda ya ɗauki cuta da mutuwa da nauyinsu, wasan ban dariya kuwa shi ne wanda ya mai da su abin raha.

Mun zaɓi ma'auni uku. Na farko sani, watau ko tauraron ya iya aikin da yake iƙirari. Na biyu hali, watau yadda yake mu'amala da majiyyaci da abokan aikinsa. Na uku harshe, watau irin maganar da marubuci ya sa masa a baki. Da waɗannan za mu auna kowane tauraro da zai biyo baya.

3.0 Taurarin Wasannin Amurka

3.1 Likitan Ban Tausayi

Wasan Dr. Kildare, wanda aka nuna daga 1961 zuwa 1966, shi ne ya kafa siffar da aka daɗe ana bi. Kildare saurayi ne sabon likita, mai tausayi da ladabi, yana koyon aiki a ƙarƙashin wani dattijo mai suna Dakta Gillespie. Saninsa bai cika ba tukuna, amma halinsa ba shi da aibi. Dattijon yana koya masa aiki, shi kuma yana koya wa mai kallo cewa likita mutum ne da za a miƙa wa rai a kwanta a yi barci.

Da aka zo kan wasan ER, wanda ya ɗauki shekara 15 daga 1994 zuwa 2009, sai siffar ta sauya. Wanda ya ƙago shi, Michael Crichton, ya yi karatun likita, saboda haka ya cika wasan da gaggawa da kalmomin aiki. Likitocinsa gwanaye ne, amma suna gajiya, suna kuskure, aurensu yana mutuwa, wani lokaci majiyyaci ya mutu a hannunsu su fita waje su yi kuka.

Wasan House, daga 2004 zuwa 2012, shi ya kai wannan sauyi iyaka. Dakta House yana ɗingishi da sanda, ya kamu da shan ƙwayar kashe zafi, ba ya son zama da majiyyaci, kuma aƙidarsa ita ce kowa maƙaryaci ne. Saninsa ya wuce na kowa, halinsa ya fi na kowa muni. Idan muka jera waɗannan wasanni uku za mu ga cewa cikin shekara 40 da 'yan kai hali yana ta raguwa, amma sani bai taɓa raguwa ba. Marubucin wasan ban tausayi yana iya zubar da mutuncin likitansa, amma ba ya yarda ya taɓa gwanintarsa.

Wannan gwaninta takan wuce gona da iri. A 1996 wasu likitoci uku suka buga wani nazari a mujallar New England Journal of Medicine, inda suka ƙirga mutanen da zuciyarsu ta tsaya aka danna musu ƙirji a wasannin ER da Chicago Hope da shirin Rescue 911. Sun sami kashi 75 cikin ɗari sun farfaɗo nan take, alhali a asibiti na gaske adadin bai kusanci haka ba. Ke nan ko wasan da ya fi kama da gaskiya yana sa wa mai kallo burin da asibiti ba zai iya cika masa ba.

3.2 Likitan Ban Dariya

Wasan M*A*S*H, daga 1972 zuwa 1983, an gina shi ne a kan wani asibitin soja a lokacin yaƙin Koriya. Babban tauraronsa, Hawkeye, mai barkwanci ne, ba ya girmama manyan hafsoshi, ba ya ƙaunar kaki. Amma da zarar an shigo da raunanan sojoji sai wasa ya ƙare, ya tsaya a kan teburin tiyata har gari ya waye. Wanda ake yi wa dariya shi ne Frank Burns, mai son girma da bin doka, wanda hannunsa bai kai bakinsa ba. Kashi na ƙarshe na wannan wasa, a watan Fabrairu na 1983, mutum fiye da miliyan 100 suka kalle shi.

Wasan Scrubs, wanda aka fara a 2001, ya ɗauko zubin Dr. Kildare ya juya shi. A nan ma akwai sabon likita, J.D., da babban da yake koya masa aiki, Dakta Cox. Sai dai sabon matsoraci ne mai yawan mafarkin ido biyu, babban kuwa ba ya buɗe baki sai da gatse da zagi. Ga kuma nas Carla, wadda sau da yawa ta fi sababbin likitocin sanin abin da ya kamata a yi, ga mai share-share wanda ya addabi J.D. ba gaira ba dalili.

3.3 Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Idan muka ɗora Dakta House da Dakta Cox a kan ma'auni za mu ga kusan mutum ɗaya ne: ga sani, ga baƙar magana, ga ɓoyayyen tausayi. Abin da ya raba su shi ne waɗanda suke kewaye da su. A wasan ban tausayi kowa yana ƙarƙashin likita, labari kuma yana ƙarewa ne da gano cuta. A wasan ban dariya ana sauko da likita ƙasa, nas ta gyara masa kuskure, mai shara ya raina shi, labari kuma ya ƙare da likitan ya gano wani abu game da kansa.

Abin lura mafi muhimmanci shi ne, a duka biyun babban tauraro likita ne na gaske. Dariyar wasan Amurka tana kan girman kai da tsoro da son kuɗin masu gudanar da asibiti. Ba a cika yin ta a kan aikin likita shi kansa ba. Wannan shi ne inda wasan Hausa ya ɗauki wata hanya dabam.

4.0 Mai Magani a Wasan Hausa

4.1 Tushe

Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe yana da masu maganinsa, kowa da fanninsa: wanzami da ƙaho da aska, maɗori da karaya, ungozoma da haihuwa, boka da 'yar mai ganye da saiwoyi. Yana kuma da hanyar yi musu raha. A cikin wasannin tashe na watan azumi akwai Jatau Mai Magani, inda yaro yake ɗaukar tarkace yana jero sunayen magunguna da cututtuka, mutanen gida suna dariya. Wannan yaro shi ne kakan duk wani likitan ban dariya da muka gani a talabijin daga baya.

Likitan asibiti kuwa ta ƙofar hukuma ya shigo. Ya zo tare da duba-gari mai leƙa randa da masai, da majigin da ake nunawa a ƙofar fada don wayar da kai. Rubutaccen wasan kwaikwayo ma da wannan aiki ya tashi, domin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, jigonsa tsabta ne da kiwon lafiya. Ma'aikacin lafiya a irin wannan wasa bakin gwamnati ne. An kawo shi don ya faɗi daidai, kuma da ya faɗa aikinsa ya ƙare.

Da talabijin ya kafu a Kaduna a farkon shekarun 1960, aka kafa hukumar NTA a 1977, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi kuma ta kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, sai wasan Hausa ya sami taurarin da suka shiga kowane gida. Akwai soja a wasan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, akwai alƙali a Kuliya Manta Sabo, akwai irin su Karkuzu da Karambana. Soja ya sami wasansa, alƙali ya sami nasa. Likita bai sami wanda ya kai waɗannan shahara ba.

4.2 Likitan Gaskiya

Duk mai kallon wasannin Hausa, daga na talabijin zuwa finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990, ya san wannan fitowa. An kwantar da majiyyaci, dangi suna kai da kawo a baranda, ƙofa ta buɗe, mutum ya fito da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya. Ya cire tabarau, ya tambayi wane ne mijinta ko mahaifinsa, ya ce a biyo shi ofis. A can zai faɗi ɗaya daga cikin 'yan maganganun da aka tanadar masa: ko tana da ciki, ko jininsa ya hau a guji ɓata masa rai, ko ana bukatar kuɗin aiki, ko kuma sai dai haƙuri.

Idan muka auna shi, saninsa cikakke ne, domin ba ya kuskure. Halinsa ba mu san shi ba, domin ba mu taɓa bin sa gida ba. Sau da yawa ko suna ba shi da shi, Dakta kawai ake ce masa. Harshensa gajere ne, gauraye da Turanci. Shi ɗan aike ne wanda marubuci yake tura wa dangi da labarin da zai juya akalar wasa.

Wannan ba ya rasa dalili. A wurin Bahaushe cuta ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gida ce. Mai jinya da yake kwana a kan tabarma a gefen gado, da mai kawo abinci, da 'yan dubiya, da wanda zai sayar da akuya a biya kuɗin magani, su ne masu labari. Saboda haka wasan Hausa yake tsayawa a baranda tare da dangi, yayin da wasan Amurka yake shiga ɗakin tiyata tare da likita.

Ko a wasannin da aka shirya musamman don kiwon lafiya haka abin yake. Misali mafi kusa a rediyo yake, watau Gugar Goge, wanda aka watsa a Kano da Kaduna daga 2006 zuwa 2007. Tauraruwarsa Kande yarinya ce 'yar shekara 12 da aka yi wa aure, ta yi doguwar naƙuda, ta gamu da yoyon fitsari, miji ya guje ta, daga baya aka kai ta asibiti ta warke. Kande cikakkiyar tauraruwa ce mai ban tausayi, amma asibiti a labarinta mafita ne da ake isa gare shi a ƙarshe. Majiyyaciya ce take riƙe da labari.

4.3 Likitan Ƙarya

A wasan ban dariya kuwa mai magani shi ne uban tafiya. Yana da suna, yana da mata da take masa gori, yana da bashi, yana da yaron da yake tona masa asiri. Mun san abin da ya kai shi ga sana'ar, watau yunwa. Saninsa babu, halinsa a fili yake, harshensa kuwa shi ne jarinsa: Turancin da bai iya ba, da sunayen cututtukan da babu su, da rantsuwa, da kirari.

Wannan zubi na shiga rigar da ba taka ba babu wanda ya gwanance da shi kamar marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya kuma rasu a watan Disamba na 2014. Sunayen finafinansa kaɗai sun isa shaida, kamar Ibro Awilo da Ibro Usama: talaka ne ya ari kamannin wani shahararre, rigar ta yi masa yawa, jama'a suna kallon yadda zai yi tuntuɓe da ita. Masu wasan camama sun ɗora wannan zubi a kan sana'o'i iri-iri, har da ta boka da mai kemis da malamin asibiti. Farar riga a jikin ɗan camama tana yin aikin da kaki yake yi a jikin Samanja, sai dai Samanja soja ne na gaske a cikin labarinsa, shi kuwa wannan aro ya yi.

Ba za mu raina amfanin wannan tauraro ba. Yana koya wa mai kallo ya yi hattara da mai maganin da yake warkar da komai, da mai yin allura a shago ba tare da takarda ba. Abin da wa'azin ma'aikacin lafiya bai isar ba, dariya takan isar da shi. Amma akwai inda gizo yake saƙar. Mai kallo yana ƙaunar wannan maƙaryaci, domin shi ne yake magana da harshensa, yake jin yunwa irin tasa. Likitan gaskiya kuwa baƙo ne a gare shi.

5.0 Abin da Kwatancin Ya Nuna

Za mu iya taƙaita abin da muka gani kamar haka. A wasan Amurka, na ban tausayi da na ban dariya, tauraro yana da sani kuma yana da hali, bambancin yana ga yadda ake kallon halin. A wasan Hausa an raba su biyu: an ba likitan gaskiya sani an hana shi hali, an ba likitan ƙarya hali an hana shi sani. Sakamakon haka, da wuya mai kallon Hausa ya ga mutumin da ya iya aikin likita kuma yake dariya, yake kuskure, yake neman gafara.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya kai mu ga ɗaukarsa da zafi? Amsarmu tana cikin tarihin jihar nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin da ya bazu game da maganin, ba a koma ba sai a 2004, kuma a wannan tsakani cutar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta daina yaɗuwa a Afirka. Ba wasan kwaikwayo ne ya jawo waɗannan abubuwa ba. Abin da suka nuna shi ne yarda tsakanin jama'a da farar riga abu ne mai saurin karyewa mai wuyar ɗori, kuma mutum ya fi saurin zargin wanda bai san halinsa ba.

Saboda haka muke ba marubuta da gidajen talabijin shawara uku. Ta farko, a ba likitan gaskiya suna da gida da rauni. A nuna shi ya kwana a kan aiki wuta ta ɗauke, ya rasa jinin da zai ƙara wa mai haihuwa, ya yi wa wani tsawa don gajiya sa'an nan ya dawo ya ba shi haƙuri. Abin da za a rubuta bai yi ƙaranci ba. Aikin ɗinkin yoyon fitsari da Dakta Kees Waaldijk da abokan aikinsa 'yan ƙasa suka yi a Babbar Ruga ta Katsina tun daga shekarun 1980 ya isa a gina dogon wasa a kansa.

Ta biyu, a ɗaga matsayin nas da ungozoma da malamin asibitin ƙauye, domin su ne talaka ya fi gani, kuma su ne suka fi shan suka a bakin jama'a. Ta uku, kada a yar da mai jinya don kwaikwayon wasan Amurka. Shi ne tauraron da muke da shi wanda su ba su ba shi muhimmanci ba. Wasan da zai tsaya a bakin ƙofa, yana ganin likita a ciki yana ganin dangi a waje, shi ne zai zama namu. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta nuna da wasanni irin su Daɗin Kowa cewa masu kallo suna iya bin taurari masu yawa shekara da shekaru, don haka filin yana nan.

6.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun auna taurarin wasannin asibiti da ma'aunin sani da hali da harshe. Mun ga yadda likitan Amurka ya tashi daga Kildare mai ladabi zuwa House mai baƙar magana ba tare da ya rasa gwanintarsa ba, mun kuma ga yadda wasan ban dariya ya sauko da shi cikin mutane. A wasan Hausa mun bi sawun likitan ƙarya daga Jatau Mai Magani zuwa 'yan camama, da na likitan gaskiya daga zamanin duba-gari zuwa mai fitowa daga ɗaki ya ce sai haƙuri.

Akwai aikin da ya rage ga manazarta. Ya kamata a tattara abin da ya saura na tsofaffin faya-fayen NTA Kaduna da NTA Kano da CTV, a fitar da duk fitowar da mai magani ya yi, a tantance su ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata kuma a saurari ma'aikatan lafiya su kansu, a ji yadda suke ganin hotonsu a akwatin talabijin. Mu malaman kwalejojin ilimi muna iya farawa daga aji, mu sa ɗalibanmu su rubuta gajeren wasa wanda likitansa yake da suna. Muna fata mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma cike inda muka rage.